Ranar da Merv Ya Zauna a Kan Ƙaddarar Gari

A garin Bindawarra, inda tumaki suka fi mutane yawa, ƙudaje kuma suka fi tumakin, an yi wani mutum wai shi Merv Dunstan, wanda tun da aka haife shi ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. In ka ce motarka ta mutu, Merv bakanike ne. In ka ce haƙorinka na ciwo, ai saura kaɗan ya zama likitan haƙori, iyayensa ne suka hana. Ko saniya ce ta kasa haihuwa, Merv zai naɗe hannun riga ya ce a ba shi wuri, sai a shiga neman mai riƙe saniyar da mai riƙe Merv.

Abu ɗaya ne ya tokare masa maƙogwaro: awartakin gasa nama. Kowace shekara 'yan kwana-kwana na sa-kai suna yin bikin neman gudummawa a filin ƙwallo, kuma a wannan rana babu babban mutum a gari irin wanda ya tsaya gaban murhu yana juya sosej, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji, da awartaki. Shi ake gaisarwa, shi ake kai wa giya mai sanyi, shi yake yanke hukuncin wanda zai sami albasa da yawa a burodinsa. Merv ya daɗe a kan wannan mulki, sai bara da ya zo da sabuwar dabarar ƙara wa wuta ƙarfi. Rumfa ta kama da wuta. 'Yan kwana-kwanan kuwa duk suna can tsakiyar fili suna gasar jan igiya, aka rasa wanda zai yarda ya fara saki. Kwamitin biki ya ƙwace awartaki ya miƙa wa Clarrie Boyd. Shugabar kwamitin kuwa ba kowa ba ce illa Noelene, matar Merv ta aure.

Wata safiya suna karin kumallo, Noelene ta ce, "Bana ba mu da mai duba. An yi wa Desley aikin gwiwa a Sydney, ta tafi da kartarta. Ko 'yar cikinta ba ta bari ta taɓa."

Merv ya ajiye kofin shayi a hankali, irin ajiyar wanda tarihi ya kira sunansa.

"Wai kartar duban nan, tarot? Ita ce ta hana ki sakat? Haba Noelene, kina zaune da rijiya a gida kina kukan ƙishirwa. Kakata ta wajen uwa..."

"Mai gidan wanki?"

"Da rana ke nan. Da yamma kuwa layi ake yi a ƙofarta. Abin a jininmu yake. Ni kaina sau nawa nake ce miki za a yi ruwa?"

"Kullum. Shi ya sa har yanzu ake fari."

"Ki ba ni rumfar Desley kawai ki ga aiki."

Noelene ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa nama a kanti in tana zargin na shekaranjiya ne. Ta ce, "To ji nan, maigida. In aka tashi bikin nan ba wanda ya yi kuka, ba abin da ya ƙone, ba wanda ya kawo mini ƙararka, baɗi awartaki naka ne. In kuwa aka sami ko ɗaya, ka yi ban kwana da murhu har abada."

"Ki ce Clarrie ya fara wanke mini shi."

Washegari ya hau a-kori-kurarsa sai birnin Dubbo. Shagon da ake sayar da kartar ƙanƙani ne, hayaƙin turaren wuta ya cika shi, ga duwatsu masu ƙyalli ko'ina, ga wasu ƙarafa rataye a ƙofa da suka bugi malafarsa suka hau kuka. Yarinyar shagon, Tahlia, gashinta kore, da zobe a hanci, kuma kowace magana ta yi sai ta ƙare da ɗaga murya kamar tambaya.

"Sannu da zuwa, Baba? Kartar duba kake nema? Ka taɓa yi?"

"Tun ba a haifi babanki ba."

"To madalla? Amma bari in nuna maka wannan dai?" Ta baza wata karta a kan kanta. "Ita ma ta gargajiya ce, amma kowane kati da hotonsa? Ka ga wannan, mutum ya rungumo tulin sanduna ya sunkuya, ko ba a gaya maka ba ka san kaya sun yi masa yawa? Ga wannan, mata uku sun ɗaga kofuna suna rawa, ka san biki ne? Abin da idonka ya gani kawai za ka faɗa? Kowa da ita yake farawa?"

Merv ya ture kartar da ɗan yatsa ɗaya. "Mai hoto! Littafin 'yan aji ɗaya kika ɗauko mini? Ni da zan duba wa gari guda?" Ya ɗaga kai, ya hango wani kwali can saman kanta, ƙura ta rufe shi. "Waccan fa?"

"Waccan ta Marseille ce? Tsohon zanen Faransa? Fiye da rabinta ba hoton mutum, takubba ne kawai da sanduna da kofuna da kwabbai a jere? Sai wanda ya haddace ma'anarsu? Gaskiya ni kaina ban iya ta ba?"

Wannan magana ta ƙarshe ita ta gama da Merv. Ƙirjinsa ya kumbura har maɓallin riga ya yi ƙara.

"Sauko da ita."

"Sunayen ma da Faransanci suke?"

"Na taɓa sauka a filin jirgin Noumea, inda Faransanci suke yi, yarinya. Har ruwa na saya."

"Ko in haɗa maka da littafin koyo?"

Ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Ga littafi nan, bugun farko."

Har ranar biki bai buɗe kwalin ba. Ya ce karta irin wannan ba a dame ta da yawan taɓawa, sai ta yi fushi. Lokacinsa duk ya tafi wajen shirya kaya. Ya ciro labulen ɗakin baƙi, shuɗi mai furanni, ya yafa a kafaɗa. Ya sa gajeren wandonsa na zuwa coci, da doguwar safa har gwiwa, da malafa. Ya sami kwali ya rubuta da jan fenti: FARFESA MERVINO, MAI GANIN GOBE TUN JIYA.

Ranar kuwa aka tashi da wani irin zafi, kwalta tana manne wa takalmi. Hanyar rumfar duba sai ta gaban murhu, inda Clarrie Boyd yake tsaye da rigar girki a gaba. Clarrie irin mutanen nan ne da suka girma cikin tumaki, ba ya buɗe baki in yana magana don kada ƙuda ya shiga, maganar ta gefen leɓe take zurarowa. Kusa da shi teburin shayi ne, Noelene tana tsaye da butoci biyu, ɗaya shayi ɗaya kofi.

Clarrie ya kaɗa awartaki sau biyu, ƙas ƙas. "A'a, Farfesa! Labulen wa aka rasa? Duba mini mana, bana wace rumfa ce za ta ƙone?"

"Ka yi ta juyawa, mutumina, na gani a tafin hannunka kwanakinka a gaban murhun nan sun ƙare."

"Tafin hannuna? Ai awartaki ya rufe shi." Ƙas ƙas.

Merv ya shige rumfa, ya sauke labulen ƙofa, ya zauna a kujerar roba, ya farke kwali.

Na farkon shigowa Wal ne, makiyayin tumaki, mutumin da kalma goma takan ishe shi mako. Ya zauna ya ce, "Ruwa."

"Ka kawo kukanka inda ya dace." Merv ya karkaɗa karta irin yadda yake yi a kulob ranar Alhamis, ya jera uku a tebur yadda ya sha ganin Desley tana yi. "Ga jiya, ga yau, ga gobe."

Ya buɗe na farko. Sanduna, an saƙa su cikin juna kamar asabari. Ba mutum, ba dabba, ba ko gajimare. Ya buɗe na biyu, sanduna. Na uku, sanduna. Ya juya katin sama ya koma ƙasa, bai ga abin da ya canza ba. Ya leƙa bayansa ko an rubuta amsa. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Sai ya sa yatsa ya hau ƙirga.

"Jiya kana da sanduna bakwai."

"Uhm."

"Yau tara."

"Uhm."

"Gobe kuwa... biyar."

"Sai me?"

"Sai me kamar yaya? Ina huɗu suka tafi? An sace maka su ke nan."

Wal ya miƙe a hankali, fuskarsa ta yi ja. "Turakun shingena. Na san maƙwabcina Hogan ne." Ya fita ko kujera bai mayar ba.

Malamar makaranta ta shigo tana tambaya ko za a yi mata canjin wurin aiki, ta sami kofuna takwas da kofuna goma, Merv ya ce mata wanke-wanke ne a gabanta, mai yawa. Wani saurayi ya sami takubba, Merv ya ce sanduna ne, saurayin ya ce ai ga tsini nan, suka yi ta musu har saurayin ya manta abin da ya kawo shi. Merv ya ga in aka ci gaba a haka, kafin azahar Noelene ta sha ƙara. Da rumfa ta yi shiru ya tsame duk katin da ba hoton mutum, ya raba biyu, ya cusa rabi a safar dama rabi a ta hagu.

"Yauwa. Yanzu a zo a ga ilmi."

Sai ga Goggo Beryl ta dogaro sanda. Ta haura casa'in, ta binne maza biyu da likitoci uku, kuma in tana magana har can wajen masu wasan doki ake ji.

"Kai ne ɗan Mavis ko? Mai kunnuwan nan? To buɗe, ban da lokacin ɓatawa."

Merv ya buɗe. Ƙwarangwal ne tsaye da lauje, ga kawunan mutane da hannuwa warwatse a ƙasa.

Ya ce, "Goggo, albishirinki. Za a aiko miki mai yankan ciyawa."

"Ya rame."

"Aiki ne ya yi masa yawa."

"Waɗannan fa na ƙasa?"

"Kabewa ce."

"Kabewa mai hular sarauta?" Ta jawo katin har bakin hancinta. "Kai ɗan nan, mutuwa ce. Ka ɗauka ban san ta ba? Ka gaya mata ta yi latti, gidana na nan bayan coci, ta ƙwanƙwasa da ƙarfi don ba na ji sosai. Buɗe na biyu."

Mutum ne rataye da ƙafa ɗaya, kai a ƙasa.

"Motsa jiki yake yi," in ji Merv.

Na uku, hasumiya ce tsawa ta fille mata kai, mutum biyu suna faɗowa.

"A... a duba miki rufin gida kafin damina."

Goggo Beryl ta yi dariya har haƙoran robarta suka zamo, ta mayar da su da babban yatsa. "Tun jana'izar mijina Stan ban yi nishaɗi irin na yau ba. Bari in je in ci sosej in dawo."

Amma ba kowa ne Goggo Beryl ba. Wani ango da ake shirin ɗaura wa aure ya shigo da murmushi, ya sami katin shaiɗan mai ƙaho riƙe da mace da namiji ɗaure da igiya a wuya. Idon angon ya kawo ruwa. Merv ya tuna sharaɗin Noelene, ya fizge katin ya ce kuskuren maɗaba'a ne, ya ba shi alewa. Yana fita, Merv ya tattara duk katin da fuskarsa ba ta yi masa ba, ya ɗaga ɗuwawu, ya shimfiɗa su a kujera ya zaune. Sarakuna da matan sarakuna da mahaya doki kuwa, duk fuskarsu ɗaya, duk a murtuke, ga makamai a hannu, ya rasa me zai ce a kansu. Ya zuba su cikin malafa ya kifa a ka.

Ya ɗauka katin rana aƙalla lafiyayye ne, ga ta nan da faffaɗar fuska tana haska yara biyu. Ya buɗe wa wani manomin alkama ita a gurbin gobe, ya ce, "Sai murna! Rana ce a gabanka, ba iyaka."

Manomin ya dafa tebur da hannu biyu. "Rana? Dam ɗina ya tsage, shanuna suna lasar ƙasa, ka ce mini rana? Maimaita in ji."

Rana ma ta bi sahun 'yan'uwanta ƙarƙashin Farfesa.

A taƙaice, kafin sosej ɗin farko su ƙare, kati uku suka rage a hannun Merv. Ɗaya, saurayi tsaye tsakanin mata biyu, wani jariri mai fukafukai a sama yana auna shi da kibiya. Ɗaya, mace durƙushe a bakin ruwa, ba ko ɗan zane a jikinta, da butoci biyu tana tsiyayewa. Na ukun, wata ya fito, karnuka biyu sun ɗaga kai suna haushi. Sai ka ga yadda Merv yake karkaɗa kati ukun nan: ya rufe ido, ya ɗaga su sama, ya hura musu iska, ya ce wa mutum ya yanka. Duk yadda aka yanka, su ukun dai ne, sai dai wani ya riga wani.

Da fari harka ta yi kyau. Sajan ɗin gari ya ji cewa mata biyu na rububinsa, ya fita yana murza gashin baki. Fasto ya shigo don ya ƙarfafa wa biki gwiwa, ya ga mai butoci, ya fita yana tari. Labari ya bazu cewa Farfesa yana gani har hanji, layi ya miƙe. Sai mata suka fara shigowa. Su kuma Merv ya ga ba zai ce su ne saurayin ba, don haka kowacce ta zauna sai ya nuna da yatsa ya ce, "Wannan mijinki ne." Kowacce ta shigo da fara'a, ta fita da baki a tsuke, ba kuka, ba ƙara. Merv ya ce a ransa, awartaki ya zo gida.

Ana nan sai ga Glenys, matar Clarrie Boyd, mace mai murya irin ta farin aku in an taɓa masa abinci. Merv ya gan ta ya ji wani daɗi ya ratsa shi har safa. Ya gyara labule, ya ƙara wa muryarsa kauri.

"Glenys, 'yar'uwa, da ma ba ki zo ba." Ya buɗe na farko. "Ga Clarrie."

"Clarrie ba shi da gashi haka."

"Hoton na da ne. Ga ki nan a dama. Ta hagun kuwa..." Ya girgiza kai.

"Wace ce?"

"Karta ba ta faɗin suna. Amma bari mu gani." Ya buɗe na biyu. "Karnuka na haushi da dare. Me ke sa kare haushi da dare, Glenys?"

Ta dafe ƙirji. "Ya ce mini dila ce take zagayen kaji!"

"Haka sukan ce." Ya buɗe na uku da yanga. "Ga ta nan ta fito fili. Ko kunya babu."

Glenys ta ƙura wa katin ido. "Butoci biyu," ta ce a hankali. "Mace mai butoci biyu. Kusa da Clarrie." Ta juya ta ɗaga labulen ƙofa. Daga nan ana hango murhu tsaf, ana hango teburin da ke jikinsa, da matar da ke tsaye tana tsiyaya da dama tana tsiyaya da hagu, tana yi wa Clarrie dariya.

Merv ya bi ta da kallo. Sai ya ga ashe Noelene take kallo.

"A'a! Glenys, tsaya! Ba ita ba ce! Wannan Bafaranshiya ce, ta mutu tun tuni!"

Ina! Ta yi gaba. Ya yunƙura zai bi ta, ya tuna abin da yake zaune a kai, ya koma ya zauna daɓas.

Daga cikin rumfa yake jin komai. Muryar Glenys ta fara tashi: "Noelene Dunstan! Shugabar kwamiti! Ashe shi ya sa kika ƙwace awartaki daga mijinki kika ba wa nawa, don ya tsaya kusa da ke!" Sai wata murya: "Ke ma mai butoci biyu aka ce miki? Ni ma!" Sai wata: "Har Barry nawa? Mutumin da ko matakala ba ya iya hawa?" Sai muryar matar Sajan, sai ta wata da mijinta ya shekara biyar a kabari, ita ma dai an nuna mata shi tsakanin mata biyu kuma tana son bayani. Can gefe ana jin Wal da Hogan suna zagin kakannin juna a kan turaku huɗu da ba su ɓata ba tukuna. Ƙamshin gasasshen nama ya koma ƙauri, don Clarrie ya bar murhu yana rantsuwa da duk abin da ya sani cewa dila ce, wallahi dila ce, har bakinsa ya buɗe sosai karo na farko a tarihin gari.

Sai kuma aka yi tsit.

Merv ya fi tsoron shirun nan. Ya ji takun ƙafafu da yawa sun kewaye shi. Ya ji muryar Noelene, a kwance, kamar mai karanta sanarwa: "Samari, ku ɗage mini ita."

'Yan kwana-kwana huɗu suka kama ƙafafun rumfa huɗu, suka ɗaga ta cak, suka yi gefe da ita. Ga Farfesa Mervino a tsakiyar filin ƙwallo, rana tsaka, da labule da malafa, da ɗan tebur a gabansa, gari guda ya yi masa zobe.

Noelene ta ajiye butocinta biyu a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya. Ta ja kujera ta zauna.

"Farfesa, a duba mini."

"Uwargida, ai ba a duba wa iyali. Doka ce ta sana'a."

"Buɗe."

Ya buɗe. Ta dubi saurayi da matansa, ta dubi karnuka, ta daɗe tana duban mai butoci.

"Ta fi ni ƙuruciya, na gode. Ku da kuka shiga, wa ya ga wani kati ban da waɗannan uku?"

"Ni na ga mutuwa!" in ji Goggo Beryl daga sahun gaba, tana ɗaga burodinta. "Ina ka kai mini ita?"

"Ina sauran kartar, Merv?"

"Suna... hutawa. Tsohuwar karta ce, zafi na wahalar da ita."

"Tashi tsaye."

"Mai duba ba ya tashi a tsakiyar aiki, sai asirin ya karye."

"To cire malafa, ga Fasto nan tsaye."

Wannan kam ba yadda zai yi. Ya ɗaga malafa kaɗan, sarakuna da matansu da dawakansu suka zubo masa ta fuska, wani sarki ya maƙale a kunne. Jama'a suka ɗauki sowa. Goggo Beryl ta miƙa sandarta ta zungure shi a ƙwauri don ta ga me ya kumbura a safa, robar safar ta saki, takubba da kofuna suka zube a ciyawa. Merv ya zabura ya miƙe don ya kare ɗaya ƙafar, shi ke nan kujera ta fito fili: ga mutuwa, ga shaiɗan, ga rataye, ga hasumiya, ga rana, duk sun jiƙe sharkaf sun lanƙwashe daidai da siffar mai zama.

"Ga ta nan!" in ji Goggo Beryl. "Shi ya sa ta yi latti, ashe danne ta aka yi!"

Merv ya juya zai yi wa jama'a bayani, sai dariyar ta koma bayansa. Ya sake juyawa, ta sake komawa. Kati ɗaya ne gumi ya manne masa a ɗuwawun wando, ya yi ta kai hannu yana kuskure, yana zagaya kansa kamar kare mai bin jela.

"A cire masa mana," in ji Sajan.

"Cire da kanka," in ji wani. Aka rasa mai sadaukar da hannunsa.

Sai aka ji ƙas ƙas. Clarrie Boyd ya ratso jama'a, Glenys na biye tana share masa rigar girki tana ba shi haƙuri. Ya sunkuya, ya auna, ya kama gefen katin da awartaki, ya ɓamɓaro shi a hankali kamar mai juya ƙwai, ya ɗaga sama kowa ya gani. Wani mutum ne da kayan wawan sarki masu ƙararrawa, ƙunshi a sanda, ya ɗaga hanci sama yana tafiya abinsa, wata dabba ta kama masa wando ta baya ta yage.

Goggo Beryl ta gyara tabarau. "Wa ya ce kartar nan wuyar karatu gare ta? Wannan ko ni na karanta."

Sai da Noelene ta bari dariya ta lafa, har Wal ya saki kwalar Hogan don ya riƙe cikinsa. Sannan ta miƙe, ta dubi awartakin da ke hannun Clarrie, ta yamutsa fuska.

"Clarrie, wannan abin ba zai ƙara taɓa abincin mutane ba, na ga inda ya je. Akwai sabo a motata, je ka ɗauko, ka kashe ƙaurin can." Ta karɓi tsohon da yatsu biyu, ta miƙa wa mijinta tare da baƙar ledar shara. "Ungo. Ka tsince kartarka kaf, ka bi da gwangwanaye da takardun burodi har bakin ƙofa. Bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, aikinka ke nan."

Merv ya karɓa. Ya juya awartakin a hannu, ya ji nauyinsa, ya kaɗa shi sau biyu, ƙas ƙas. Ya gyara labule a kafaɗa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Ku dai shaida ne," ya ce. "Tun da safe na gaya wa Clarrie awartakin nan zai dawo hannuna."